Sawun da Kake Bari a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Goge Tarihin Bincike da Ragowar Fayiloli

Yawancin masu yi mini waɗannan tambayoyin mutane ne da ke raba kwamfuta ɗaya da wani, ko suke shirin sayar da tsohuwa, ko kuma kawai ba sa son a leƙa abin da suka karanta. Mai neman bayani kan ciwon da yake jin nauyin faɗa, da mai neman sabon aiki bai sanar da kowa ba, da mai duba asusun bankinsa, kowannensu yana da haƙƙin a rufa masa asiri. Saboda su na tattara amsoshin nan.

Wane irin sawu nake bari idan na shiga intanet?

Kala-kala ne, kuma ba wuri ɗaya suke zama ba. Wanda kowa ya sani shi ne tarihi: burauza, ko Chrome ce ko Firefox ko Edge ko Safari, tana rubuta adireshin duk shafin da ka buɗe tare da rana da lokaci. Bayan shi akwai kash, wato hotuna da gutsattsarin shafuka da take ajiyewa don in ka dawo gobe kada ta sake sauko da su. Akwai kukis, wato ɗan rubutun da shafi ke ajiyewa don ya gane ka. Akwai abin da ka taɓa rubutawa a fom, kamar suna da lambar waya da adireshin gida, wanda take riƙewa don ta riƙa cike maka gurbi. Sai kalmomin sirrin da ka yarda ta adana, da jerin abubuwan da ka sauke, da izinin da ka ba wasu shafuka na amfani da kyamararka ko sanin inda kake.

An taɓa kawo mini wata laftof da aka saya ta hannu, in duba ko lafiyarta ƙalau. Mai ita na farko ya yi ƙoƙari, ya goge tarihi tas, babu ko layi ɗaya. Na buɗe wani shafi mai fom, na danna harafi guda a gurbin suna. Sai ga cikakken sunan mutumin ya faɗo, ƙarƙashinsa adireshin gida da lambobin waya biyu. Na buɗe imel, ya shiga kai tsaye bai nemi kalmar sirri ba. Nan take na rufe, na ce wa wanda ya kawo ta sai mun share ta kafin mu yi komai. Har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi, domin bawan Allahn nan ya tafi da yaƙinin ya kulle gidansa, alhali mabuɗin yana jikin ƙofa.

To yaya ake goge su?

A Chrome da Firefox da Edge, ka danna Ctrl da Shift da Delete a tare, taga za ta buɗe da jerin abin da za a goge. A kwamfutar Mac, Command ake dannawa a maimakon Ctrl, ita kuwa Safari ta menu ɗinta na tarihi ake bi.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne tsawon lokaci. Sau da yawa zaɓin da ke kai ɗan gajere ne, kamar awa ɗaya da ta wuce, sai mutum ya danna ya tashi, tarihin shekara uku yana nan daram. Ka canza shi zuwa na dukkan lokaci. Sannan ka duba akwatunan ɗaya bayan ɗaya, domin ba lallai ne na cike-gurbi ya zo a zaɓe ba, kalmomin sirri kuma a wasu burauzoji sai ka shiga sashensu na daban. Goge jerin abin da ka sauke ba ya taɓa fayilolin kansu, suna nan a foldar Downloads. Shafukan da ka yi wa alama ma ba sa tafiya. In kuma burauza biyu kake amfani da su, kowacce da nata littafin.

Mene ne kukis, kuma in goge su duka?

Kuki ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi ke ajiyewa a kwamfutarka don ya gane ka in ka dawo. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro shi a 1994, lokacin da shafuka ba su da hanyar tuna wanda ya ziyarce su minti ɗaya da ya wuce. Ba don kukis ba, da duk shafin da ka buɗe a cikin imel ɗinka sai ka sake rubuta kalmar sirri.

Iri biyu ne ya kamata ka bambanta. Akwai na shafin da ka shiga da ƙafarka, akwai kuma na baƙi, wato kamfanonin talla da ke laɓe cikin shafuka da yawa, suna haɗa inda ka je nan da inda ka je can. Su ne ke sa takalmin da ka duba sau ɗaya ya yi ta bin ka har mako guda. Safari ta toshe irin waɗannan gaba ɗaya tun 2020, Firefox kuma daga 2022 ta killace kowane kuki a shafin da ya fito, ba ya iya bin ka zuwa wani. Waɗannan sanarwoyin neman amincewa da ke tare maka shafi sun yawaita ne bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Ni dai duk inda aka ba ni zaɓin ƙin amincewa, shi nake dannawa.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kukin shiga asusu. Shi ne mabuɗin da na ambata a sama. Duk wanda ya same shi ya shiga asusunka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Ka goge kukis, babu abin da zai lalace, sai dai duk shafuka za su fitar da kai. Kafin ka danna, ka tabbata kana tune da kalmomin sirrinka, kuma wayar da ake turo maka lambar tabbatarwa tana hannunka.

Na goge komai, amma har yanzu Google yana nuna mini abin da na nema. Me ya faru?

Kwafi biyu ne. Ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a asusunka da ke kan kwamfutocin kamfanin. Ka goge na farko, na biyu yana nan. In kana cikin asusun Google lokacin da kake bincike ko kallon YouTube, ka shiga myactivity.google.com, za ka ga abin da aka ajiye kwana-kwana. A nan za ka iya goge shi, ka dakatar da adanawar, ko ka saita ya riƙa goge kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36. Microsoft ma yana da irin wannan shafin a sashen sirri na asusunsa.

Ka kuma lura da haɗin na'urori. In ka kunna shi, abin da ka nema a kwamfuta yana bayyana a wayarka, da duk wata na'ura da ka taɓa shiga da asusun, har da wadda ka ba ƙaninka tun bara ka manta ba ka fita ba. Ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusunka, ka cire waɗanda ba sa hannunka.

Idan na yi amfani da Incognito ai shi ke nan, ko?

Yana da amfani, amma ga abu ɗaya. Wannan tagar, da Chrome ke kira Incognito, Edge ke kira InPrivate, ba ta ajiye tarihi da kukis da abin da ka rubuta a fom bayan ka rufe ta. Ke nan wanda zai zauna kan kujerar bayanka ba zai gani ba. Safari ce ta fara kawo ta a 2005, sauran suka biyo baya. Ctrl da Shift da N ke buɗe ta a Chrome da Edge, a Firefox kuwa P ake sa wa a madadin N.

Iyakarta ke nan. Fayil ɗin da ka sauke yana nan. Shafin da ka shiga ya gan ka, kamfanin da ke ba ka intanet ya gani, in kuma ka shiga asusunka a cikinta, ka riga ka faɗi sunanka da bakinka. Har kotu maganar ta kai: a 2020 aka shigar da ƙarar Google a Amurka kan tattara bayanan masu amfani da Incognito, kuma a sulhun da aka bayyana a 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma ƙara fayyace gargaɗin da ke fitowa a tagar. Ka kuma tuna sai ka rufe dukkan tagogin sirrin da ka buɗe kafin abin ya gogu. In ɗaya ta rage, zaman bai ƙare ba.

Su wane ne ke ganin abin da nake yi ko bayan na goge?

Duk wanda hanyar ta bi ta wurinsa: kamfanin intanet, mai kula da netwok na ofis ko makaranta, wani lokaci har rautar gida, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan. In adireshin shafi ya fara da https, ba za su iya karanta abin da ke ciki ba, amma yawanci suna ganin sunan shafin da lokacin da ka shiga. VPN, wato manhajar da ke bi da kai ta kwamfutar wani kamfani kafin ka isa shafin, yana ɓoye musu wannan, sai dai yanzu mai VPN ɗin ne ke gani. Amana ce ka ɗauke daga hannu ɗaya ka sa a wani, don haka ka san wanda ka ba.

Akwai kuma hanyar gane mutum da ba ta buƙatar kuki ko ɗaya. Shafi yana iya tattara girman allonka, da irin rubutun da ke kwamfutarka, da harshe, da agogon yankinka, da sigar burauzarka, ya haɗa su ya fitar da kamanni kamar zanen yatsa. A 2010 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta gwada burauza fiye da 470,000, ta samu kusan kashi 84 cikin 100 babu mai kama da su a cikin waɗanda aka gwada. Goge tarihi ba ya taɓa wannan. Burauzojin Firefox da Brave da Tor suna da kariyar da ke rage shi.

Fayil ɗin da na goge, na kuma zubar da kwandon shara, ya tafi?

A kan faifan ajiyar kwamfuta mai juyawa, irin na da, bai tafi ba. Ka ɗauki faifan kamar littafi mai jerin babi-babi a farkonsa. In ka goge fayil, kwamfuta tana soke sunansa ne daga jerin, ta ce shafukan nan babu kowa, wanda ke so ya rubuta a kai. Rubutun yana nan har ranar da wani sabon abu zai hau kansa, kuma ranar tana iya zama gobe, tana iya zama baɗi. Shift da Delete tsallake kwandon kawai yake yi, ba ya ƙara komai. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda kowa zai iya saukewa, aikinsu ke nan: bin shafukan da aka soke suna dawo da su. Na taɓa dawo wa wata baiwar Allah da hotunan da ta goge bisa kuskure daga filash, tana tsaye a kaina, suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tana murna, sai kuma wasu takardu da ta goge tun shekara biyu baya suka biyo su. Murnar ta koma shiru, ta ce, "Ashe duk wanda na ara wa filash ɗin nan zai iya ganin wannan?" Na ce mata ƙwarai.

Ba sabon abu ba ne. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka samu bayan sun sayi tsofaffin faifai 158. Guda 129 suna aiki, 12 kaɗai aka share yadda ya kamata. A cikin sauran suka tono lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane.

SSD, wato faifan da ba ya juyawa, wanda yawancin sababbin kwamfutoci ke zuwa da shi, halinsa daban. Akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sa faifan ya share gurbin da aka goge da kansa, shi ya sa dawo da fayil daga SSD ke da wuya. Amma kuma SSD yana rarraba rubutu ko'ina don kada wani ɓangare ya riga wani gajiya, saboda haka in ka ce manhaja ta rubuta a kan fayil guda, ba ka da tabbacin ta samu ainihin inda yake. Wannan ne ya sa Apple ya cire zaɓin zubar da shara mai tsaro daga Mac a 2015, tunda ba zai iya cika alkawarin ba. Filash da katin memori kuwa galibi ba su da TRIM, abin da aka goge a kansu yana dawowa cikin sauƙi.

Kada ka manta da ma'ajiyar intanet. Google Drive yana riƙe abin da ka jefa a shara kwana 30 kafin ya tafi.

Na ji an ce sai an rubuta a kan faifai sau 35. Gaskiya ne?

Adadin ya fito ne daga wata takarda da Peter Gutmann ya rubuta a 1996, kan irin faifan wancan zamanin. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta bayyana tun 2006 cewa ga faifai na zamani sau ɗaya ya isa. Kada ka ɓata kwana uku a banza. A Windows, umarnin cipher /w:C: yana rubutu a kan duk gurbin da babu kowa ba tare da ya taɓa fayilolinka ba, kuma ya dace da faifai mai juyawa.

Ban da burauza, ina Windows ke ɓoye ragowar abubuwa?

Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta %temp%, za ka ga tarkacen da manhajoji suka bari, wani lokaci har da kwafin takardar da ka buɗe daga imel. Ka zaɓe su duka ka goge, wanda ya ƙi tafiya ana amfani da shi ne, ka ƙyale shi. In ka rubuta shell:recent a wannan akwatin, jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan zai fito, har da sunayen waɗanda ka riga ka goge. Suna kaɗai ma yana tona asiri, in fayil ɗin sunansa "sakamakon gwajin asibiti".

Akwai ƙananan hotunan da kake gani a folda kafin ka buɗe hoto. Windows yana ajiye su a wani wuri daban, kuma suna iya zama bayan asalin hoton ya tafi. Disk Cleanup yana goge su tare da sauran tarkace, Storage Sense kuma yana yin sharar da kansa lokaci-lokaci in ka kunna shi. Maɓallin Windows da V yana nuna abubuwan da ka kwafa, in an kunna wannan ajiyar, kuma kalmar sirri takan maƙale a wurin. Sunayen shafukan da kwamfutar ta nema kwanan nan ma suna zama na ɗan lokaci, ko da ta tagar sirri ka shiga. Umarnin ipconfig /flushdns yana share su.

In sauke manhajar share-share?

Ga yawancin mutane, abin da ya zo da kwamfutar ya wadatar. Manhajar share-share izini mai faɗi take samu, tana shiga lungu da saƙo, don haka in ta gurɓata ɓarnar ba kaɗan ba ce. A 2017 masu kutse suka cusa mugun abu cikin CCleaner siga ta 5.33, mutane kimanin miliyan 2.27 suka sauke ta daga hanyar da ta dace, ba su yi kuskuren komai ba. In dole sai ka yi amfani da wata, BleachBit a buɗe lambobinta suke kowa na iya dubawa, kuma ka sauke ta daga shafinta na asali. Masu cewa za su wanke maka rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, ka bar su, Microsoft da kansa ba ya goyon bayan amfani da su. Tallan da ya faɗo yana ihun an gano matsala ɗari uku a kwamfutarka kuwa, rufe shi kawai.

Goge kash yana sa kwamfuta sauri?

Ba sosai ba. Shafuka ma sukan ɗan yi nauyi a karon farko, tunda sai an sake sauko da komai. Yana taimakawa in faifai ya cika maƙil ko wani shafi ya rikice.

Dole ta sa na yi amfani da kwamfutar da ba tawa ba. Me zan yi?

Ka buɗe tagar sirri tun kafin ka rubuta komai. In burauza ta nemi adana kalmar sirri, ka ƙi. Da ka gama, ka fita daga asusun da hannunka, sannan ka rufe tagar, ka goge abin da ka sauke, ka zubar da kwandon. In takarda ka buga ko ka yi sikanin, ka duba tebur ɗin allo da foldar hotuna, nan kwafin katin shaidar mutane ke kwana. Harkar banki kuwa kada ka yi ta a irin wannan kwamfutar ko kaɗan, domin ba ka da hanyar sanin ko an sa manhajar da ke rubuta duk harafin da aka danna.

Kwamfutar ofis hukuncinta daban. Ta ma'aikata ce, mai yiwuwa ana adana bayanan a wani wuri, kuma goge fayilolin aiki na iya jawo maka matsala. Abin da ya shafe ka kai kaɗai, ka yi shi a taka na'urar.

Zan sayar da kwamfutata, ko in kai ta gyara.

In sayarwa ce ko kyauta, goge-goge ɗaya-ɗaya ba zai fisshe ka ba. Ka kwashe abin da kake so, ka fita daga asusunka, sannan a Windows ka yi amfani da Reset this PC, ka zaɓi cire komai tare da zaɓin tsabtace faifai. Zai ɗauki sa'o'i, ka ba shi lokacinsa. Sababbin Mac suna da Erase All Content and Settings tun 2021. Filash kuma, fomat mai sauri jerin sunayen kawai yake sokewa. Ka cire alamar saurin ka yi cikakke, wanda tun zamanin Windows Vista yake rubuta sifili a ko'ina. Faifan da ya mutu, wanda ba ya karɓar umarni, a huda shi ko a farfasa.

Shawarar da na fi nacewa a kanta ita ce ka kulle faifan tun ranar farko, da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac. In faifai a kulle yake, duk abin da ya rage a kansa shirme ne ga wanda ba shi da mabuɗi, ko an sace kwamfutar, ko an zare faifan an sa a wata. Ka rubuta mabuɗin ceto ka ajiye a wuri mai aminci, domin in ya ɓata, kai ma a waje za ka tsaya. Wajen gyara kuma, in matsalar allo ce ko batir, ba lallai mai gyara ya buƙaci kalmar sirrinka ba. In yana son gwadawa, ka buɗe masa wani asusu na daban wanda babu komai a ciki.

Ina zargin wani a gida yana bibiyar abin da nake yi, kuma ina jin tsoronsa.

A nan shawarata ta sha bamban da duk na baya. Kada a goge tarihi gaba ɗaya, domin mai bibiya in ya ga wurin fayau zai gane, kuma abin na iya ƙara tsananta. A danna Ctrl da H don buɗe tarihin, a cire layukan da ake tsoro kaɗai, a bar sauran yadda suke. In ana zaton an sa manhajar leƙen asiri, tagar sirri ba za ta kare komai ba, kuma cire manhajar na iya sanar da wanda ya sa ta. Neman taimako da canza kalmomin sirri a yi su daga wata na'ura da mutumin bai taɓa riƙewa ba, ta aminiya ko ta ɗan'uwa da aka yarda da shi. Saƙonnin barazana kuwa kada a goge su. A ɗauki hotonsu da ranarsu, a tura wa wanda aka amince da shi ya ajiye, domin su za a nuna in magana ta kai gaban hukuma.